Yadda Aka Soke Zafi a Garin Lafiya-Lau

A wani gari da ake kira Lafiya-Lau, inda ko gidan mutum na cin wuta in ka gaishe shi sai ya ce maka lafiya lau, an yi wata malamar firamare mai suna Tasalla. Kimiyya take koyarwa a aji biyar na Makarantar Gobe-Da-Kyau. Yara tamanin da bakwai ne a ajinta, ƙarƙashin kwanon da ba silin, ga taga biyu, ɗaya an toshe ta da bulo tun shekarar da aka ce za a yi gyara. Ɗakin gwajin kimiyya kuwa akwai shi, kada in ɗauki alhakin kowa, har sau uku manya suka zo suka yanka ƙyalle suka buɗe shi. Gina shi ne kawai ba a kai ga yi ba.

Shekara goma sha ɗaya Malama Tasalla tana zana tukunya a allo, ta zana wuta a ƙasanta, ta ce wa yara su ɗauka tana tafasa. Yaran nan kullum suna ganin tukunya a gidajensu, amma ba wanda ya taɓa gaya musu dalilin da ya sa ruwa ke tafasa, ko abin da ke ɗaga murfi. Rannan dai ta gaji. Ta jingina wayarta a jikin turmi a tsakar gidanta, ta hura murhu, ta ɗora tukunya, ta ɗauki bidiyo na minti tara a kan zafi. Ba suna take nema ba. So take yaranta su ga darasi ɗaya da idonsu kafin jarrabawa, shi ke nan.

To amma a Lafiya-Lau ba a nuna wa yara komai sai da hatimin Hukumar Tace Abin da Yara Za Su Sani. Ofishin hukumar yana saman benen Majalisar gari, inda esi uku ke busa sanyi har ma'aikata na zuwa aiki da rigar sanyi a tsakiyar bazara. Shugabanta Alhaji Barmo ne, mutumin da ya yi shekara ashirin yana tace darussa bai taɓa zama a aji ya ji ɗaya ba. Da Malama ta hau benen ta kai masa, ya karɓi wayar da yatsa biyu, ya kunna, ya kishingiɗa. Ba a yi minti biyu ba ya miƙe zaune.

"Tsaya! Maimaita nan wurin."

Muryar Malama ta sake fitowa daga wayar: "Yara, iska in ta ɗauki zafi, sama take yi."

"Sama ina?"

"Sama dai, ranka ya daɗe."

"Malama, dube ni da kyau. Su wa ke sama a garin nan?"

Ta dubi benen, ta dubi esi. Aka ci gaba. Can muryar ta ce: "Zafi ba ya zama wuri ɗaya. Yakan bar inda ya yi yawa, ya shiga inda ake sanyi, har sai sun zo daidai."

"Daidai!" in ji Alhaji Barmo, hularsa har tana gocewa. "Sakatare, rubuta. Ta ce daidai."

"Ranka ya daɗe, ba ni na ƙirƙira ba. Yana cikin littafin da ma'aikatarku ta raba, shafi na arba'in."

"Rabawa aka ce a yi. Wa ya ce ki karanta?"

Kafin la'asar magana ta kai gaban mai mulkin garin, wanda ake kira Mai Inuwa, saboda duk wata bishiya mai ganye a Lafiya-Lau a cikin katangarsa take. Majalisa ta yi zaman kwana uku. Aka kafa kwamitin bincike, kwamiti ya sauko ƙasa a karon farko, ya zaga gari da lema, ya dawo da rahoto. Ashe abin ya wuce malama guda! Duk inda mutum biyu suka haɗu sai ka ji, "Yaya zafi?" Ka shiga Kasuwar Sai-Haƙuri, wannan ya ce gari ya yi zafi, wancan ya ce abin da ake yi mana yana yi mini zafi. Har tsofaffi. Har a gidan suna.

Mai Inuwa ya saurari rahoton, ya kurɓi ruwan ƙanƙara, ya ce, "Ni tun da na hau ban taɓa jin wani zafi ba. Ku kuna ji?"

Majalisa ta amsa baki ɗaya, "Ko kaɗan, ranka ya daɗe."

"To daga ina yake shigowa?"

"Daga bakin mutane," in ji Alhaji Barmo.

Washegari mai shela ya zaga da lasifika: daga yau an soke zafi a garin Lafiya-Lau. Duk inda mutum zai ce zafi, ya ce ni'ima. Ma'aikacin da ya faɗi tsohuwar kalmar ya bar aikinsa nan take. Wanda ba shi da aiki kuwa, tun da ba abin da za a kore shi daga ciki, za a shanya shi a rana ya sha ni'ima awa biyu.

Kai jama'a, na ga abu a makon nan! Inna Ladiyo mai ƙosai, wadda ta yi shekara talatin a bakin tasha tana kiran "ƙosai da zafinsa", ita aka fara shanyawa. Da ta dawo ta koma kiran "ƙosai da ni'imarsa", mutane suka ɗauka na jiya ne, ba wanda ya saya. Mai shayi ya riƙa tambayar mutane ko a ƙara musu ni'ima, su ce Allah ya sa, ya ƙona musu baki. A asibiti uwa ta kawo ɗanta ranga-ranga ta ce jikinsa ya yi ni'ima sosai, malamin asibiti ya ce to Hajiya ai sai godiya, wa ke biye? Ma'aunin da ke rataye a bangon asibitin ne kaɗai ya yi taurin kai, kullum sai ya nuna arba'in da uku. Aka ba shi takardar gargaɗi sau biyu bai ji ba, sai aka yi masa canjin wurin aiki zuwa cikin firij. Tun daga ranar nan, huɗu kawai yake nunawa, har an sa sunansa a jerin waɗanda za a ƙara wa girma.

A ƙarshen wata rahoto ya nuna ba mutum ko ɗaya da ya yi kukan zafi a faɗin garin, kuma kowa ya shaida ni'imar bana ta fi ta bara. Majalisa ta ba Mai Inuwa lambar yabo.

Ita kuwa Malama Tasalla jarrabawa na ta matsowa. Ta ce a ranta, ko rabin darasin ne a ba ni. Ta sake hawa benen, ta durƙusa, ta ce a gyara bidiyon yadda aka ga dama, a dai buga hatimi. Alhaji Barmo ya ji daɗin wannan ladabi, ya zauna gyara da kansa. Duk inda ta ce zafi aka goge muryarta, ya sa tasa. Sai ka ji mace na bayani a hankali, "Yara, in ruwa ya ji..." sai wata ƙatuwar murya ta faɗo, "NI'IMA!" Aka cire maganar sama, aka cire maganar daidai. Aka cire wutar murhun ma, wai tana iya tunzura jama'a. Da aka kalla aka ga tukunya zaune a kan murhu ba wuta, sai sakatare ya yi raɗa cewa abin ya yi kama da gidajen mutane da yawa. Aka yi maza aka mayar da wutar.

Saura yanki na ƙarshe. A nan ne ruwa ya tafasa, murfi ya fara rawa yana ƙwanƙwasa bakin tukunya, Malama ta ɗan janye shi gefe tana cewa, "Kun gani? Dole a bar wa tururi hanya. In aka toshe shi, shi zai nema wa kansa."

"Wannan murfin ba shi da tarbiyya," in ji Alhaji Barmo. "Ana magana yana magana. A cire."

"Ranka ya daɗe, don girman Allah ku cire komai ku bar mini wannan. Rabin yaran nan su ke girki a gidajensu. Wannan ne zai tsare su."

"Tsaro aikinmu ne, Malama. Ke koyarwa aka ɗauke ki."

Wallahi ta ba ni tausayi. Matar da ba ta taɓa kuka a gaban aji ba, ta tsaya a ofishin mutane tana share hawaye da gefen mayafi, ana yanka mata aikinta tana kallo. Daga minti tara aka bar daƙiƙa arba'in: tukunya a kan wuta, shiru, ba motsi. Aka buga hatimi. Hukumar ta ce ba ta taɓa tace darasi mai natsuwa irin wannan ba, don haka za a ƙaddamar da shi a Dandalin Mun-Gode, a gaban Mai Inuwa.

Ranar ƙaddamarwa aka kafa rumfa ɗaya, aka ja igiya aka tsayar da mutanen gari can baya a rana. Yaran Malama Tasalla tamanin da bakwai aka jera a sahun gaba a kan tabarmi, don su fito a hoto. Aka yi jawabi goma sha ɗaya. Da aka zo kunna majigi sai aka ɗauke wuta. Aka koma kan janareta, aka tarar an sha mansa wajen sanyaya lemon manyan baƙi.

Mai Inuwa ya ce, "To ba tukunya ba ce da wuta? A yi mana a nan mu gani ido da ido."

Nan da nan aka kawo babbar tukunyar ƙarfe ta gidan biki, aka zuba ruwa, aka hura itace taku uku daga tabarmin yara. Ba a jima ba ruwa ya tafasa, murfi ya fara abin da ya saba, ƙwas-ƙwas-ƙwas, a gaban Mai Inuwa, a gaban baƙi. Fuskar Mai Inuwa ta canza. Amma Alhaji Barmo ba yaro ba ne, ya san halin murfin nan tun a ofis, ya zo da shirinsa. Ya ɗaga hannu, aka sauke tukunya, mai walda ya fito da injinsa ya bi bakinta ya liƙe shi ruf, ko ƙofar allura bai bari ba. Aka mayar da ita kan wuta. Tsit kake ji. Dandali ya ɗauki tafi.

Malama Tasalla ta miƙe zumbur. Ta dubi tukunyar, ta dubi yaran da ke zaune sun tanƙwashe ƙafa suna kallo da baki buɗe, karo na farko a rayuwarsu ana yi musu gwajin kimiyya. Ta san abin da kalma ɗaya za ta jawo mata, ga 'ya'ya huɗu a gida. Sai ta gwada bin doka. Ta ruga gaban rumfa ta zube.

"Ranka ya daɗe, ni'ima ta yi wa tukunyar nan yawa! Ni'imar ta kai maƙura, ba ta da wurin fita!"

"Ma sha Allah!" in ji Mai Inuwa. "Kun ji daga bakin masana. Ni'ima har ta rasa wurin fita."

Majalisa ta amsa, "Allah ya ƙara ni'ima!" Wani ya tura itace biyu.

Can baya matan kasuwa, waɗanda kowacce ta san tukunya tun tana 'yar shekara bakwai, suka fara ɗaure zani suna sulalewa ɗaya bayan ɗaya. Gindin tukunyar ya fara kumbura. Malama ta miƙe tsaye, ta cire mayafin daga bakinta, ta kwarma ihu yadda har na bayan igiya suka ji:

"Zafi ne! Zafi! Za ta fashe!"

Dandali ya yi tsit kamar tukunyar. Alhaji Barmo ya zaro takardar kora, dama da ita yake yawo a aljihu, ya cike sunanta a kan gwiwarsa. Sa'an nan ya duƙa ya yi wa Mai Inuwa raɗa cewa yaran nan ma sun ji kalmar da kunnensu, sun gurɓata, bai dace a saka musu da kallon darasi ba. Mai Inuwa ya ce a hukunta su. Aka tasa ƙeyar malama da ɗalibanta tamanin da bakwai, yara na kuka suna waiwaye, aka fitar da su bayan katanga aka rufe ƙofa. Da sahun gaba ya zama fili, 'yan Majalisa suka yi ta ture juna, kowa na jan kujerarsa kusa don ya fito a hoto.

A bayan katanga Malama Tasalla, wadda yanzu ba malamar kowa ba ce, ta ƙirga yaranta sau biyu, suka cika. Ta ce su matsa can gindin ganuwa su zauna, kowa ya sa hannu ya rufe kansa.

Wata yarinya ta ce cikin shessheƙa, "Malama, shi ke nan ba za mu ga darasin ba?"

"Ba za ku gani ba, 'yata. Amma ku kasa kunne."

Daga cikin dandali tafi ya sake tashi. Sai aka ji muryar Mai Inuwa a lasifika, cikin nishaɗi, yana cewa a matso masa da kujerarsa, kuma a ƙaro itace.