Ranar da Kaskon Ƙosai Ya Kayar da Injiniya

Ko zan manta da komai na zamana a Manchester, ba zan taɓa mantawa da safiyar Asabar ɗin da kaskon ƙosai ya kayar da ni jarrabawa ba, ni da nake shekara ta uku ina digirin digirgir a fannin injina. (Tun daga Zariya ake ce min Injiniya, kuma in faɗi gaskiya ban taɓa cewa a daina ba.)

Anti Ladi maƙwabciyarmu ce a Whalley Range, mu muna flat ɗin sama, ita tana ƙasa. 'Yar Kafanchan ce, ta daɗe tana aikin kula da tsofaffi kafin ta koma dafa abincin biki. Matar nan ba ta san gajiya ba. Ita ce cefane, ita ce girki, ita ce kuma direban a-kori-kurar da ke jan tirelar tukwanenta. Tirelar ta hannu ce, wajen wani manomi ta saya, irin wadda Turawa ke kira gooseneck: gabanta yana da dogon wuya da ya lanƙwaso ta saman bodin mota, ya sauko ya zauna kan wani ƙwallon ƙarfe a tsakiyar bodin. Anti ba ta wahalar da bakinta, "agwagwa" kawai take ce mata.

Za a ɗaura auren 'yar yayarta a Erdington, can Birmingham, kuma Anti ta yi wa yayar alkawari da bakinta cewa babu mai dafa abincin sai ita. Ana saura kwana uku motarta ta faɗi MOT, gwajin lafiyar mota na shekara-shekara. Manomin nan ya ara mata tasa, amma tsayinsu ba ɗaya ba, dole a sake daidaita wuyan tirelar, ga mijinta da ya saba yi yana kwance da ciwon baya. A matakala na ji tana wannan lissafi a waya. Maimakon in gaishe ta in wuce, sai na ji bakina ya ce, "Haba Anti, ai wannan basic mechanics ne. Ki bar min." Wa ya aike ni?

Ranar Juma'a bayan masallaci na je filin da take ajiye tirelar a Moss Side. Aikin ba wuya: a ƙasan wuyan akwai bututu biyu, ɗaya cikin ɗaya, da ramuka a jere. Ka ɗaga tirela da jak, ka sassauta noti, ka zare sakatar ƙarfe, ka ja na cikin sama ko ƙasa. Na auna gaba da tef, na auna baya, na duba da manhajar awo ta wayata, ya yi daidai wa daida. Har hoto na ɗauka na tura wa matata da ke gida, ta amsa min da "Masha Allah Injiniya." Na kwana ina jin kaina.

Da safe matan zumunta na cocinsu suka zo lodi, suna waƙa suna miƙa wa juna kaya: manyan tukwanen shinkafa, miyar taushe, ƙullin masa, tukwanen gas, jarkokin ruwa. Ni kuma ina tsaye cikin farar shaddata ta zuwa biki, hannu a aljihu, ina jiran a gode min.

Da aka gama, Anti ta ja da baya, ta kama ƙugu, ta ɗan karkata kai tana kallon tirelar.

"Injiniya, agwagwar nan ta sunkuya."

"Ido ne yake yaudara, Anti. Jiya na auna, to the millimetre."

Ba ta yi musu ba. Ta sa aka miƙo mata kaskon ƙosai da galan ɗin man gyaɗa. Ta ajiye kaskon a tsakiyar tirelar, ta tsiyaya mai kaɗan. Muna kallo man ya silale ya taru gaba, ya bar bayan kaskon a bushe.

A nan ne ya kamata in yi shiru. To ban yi ba. Da ƙarfi, yadda kowa zai ji, na ce, "Ai kaskon ne ya lanƙwashe!"

Waƙa ta tsaya cak. Wata dattijuwa ta sauke kular da ke hannunta ta ce, "Kaskon Ladi?"

Anti ko ɗago kai ba ta yi ba. Ta kama kunnuwan kaskon ta juya shi, gabansa ya koma baya. Man ya ɗan yi jim, sannan ya sake silalewa gaban tirela, inda ya je ɗazu. Da kaskon ne mai laifi, da man ya bi shi ya juya. Wannan shi ne ainihin yadda ake gwada ma'auni, kuma ni da kaina na koya wa 'yan shekarar farko shi a jami'a, ba a yi sati biyu ba.

"Jiya da ka auna," in ji ta a hankali, "da kaya ko babu kaya?"

"Babu."

Matan suka haɗa baki suka ce, "Ayyaa." (Da dariya suka yi da ta fi min sauƙi.)

Ta kira ni gefen mota ta nuna min. Nauyi ya danne bayan motar, wuyan ya biyo shi ƙasa. Ta sa hannu tsakanin wuyan da bakin bodi, yatsa uku ne kawai suka shiga. "Tudun farko da za mu hau, ƙarfe zai daki ƙarfe. Ga tayoyin gaba na tirela su kaɗai suke shan kaya, kafin mu yi nisa a babban titin M6 sun yi zafi. Miya in ta zube na ji kunyar yayata. Amma ƙanena, mata uku zan ɗauka a motar nan." Nan kunyar da nake ji ta koma tsoro. Ni sunana nake karewa, ita kuwa abincin bikin da rayukan mutane take lissafi.

Na tattare shadda na haye bodi da sifana. Ita tana tsugune gaban kasko tana ba da umarni. "Ɗaga. Ƙara rami ɗaya. Sauke jak ɗin duka, bari kaya su zauna mu gani." Man ya ja baya kaɗan, bai isa ba. Muka sake. A rami na biyu ya kwanta lumui, ya rufe gindin kaskon ko'ina. Duk da haka sai da ta hau da kanta ta girgiza sakatar, ta taɓa kowane noti, ta duba sarƙoƙi da wayar birki, ta sake cusa hannu a ratar nan har tafin ya shige da sarari.

Ina goge baƙin mai a hannu na tambaye ta inda ta koyi wannan.

"Shekara goma sha biyu ina tuya a tasha, kan duwatsu uku," ta ce. "In kasko ya karkace, rabin ƙosai ya ƙone, rabi ɗanye. Tirela ma kasko ce, taya kawai aka sa mata."

Na bi su a baya da motata har Erdington, idona a kan tirelar. Ko sau ɗaya ba ta yi rawa ba. Da aka buɗe tukwane, ko murfin miyar bai ɓaci ba. Yayar ta rungume ta tana hawaye, ana ta guɗa.

Sai Anti ta nuno ni a tsakiyar jama'a, da tabon baƙin mai tun daga ƙirji har gwiwa, ta ce, "Ku gode wa Injiniya, shi ya daidaita mana tirela." Na dubi matan zumunta. Babu wadda ta yi ko murmushi, tafi kawai suka yi da sauran mutane. Ni kuwa, don ku san ban gama shiryuwa ba, na dafa ƙirji na rusuna na amshi godiyar.

Abin da na koya dai kaɗan ne, amma ya zauna: kada ka auna abu sai ya ɗauki nauyin da zai ɗauka, ko tirela ne ko mutum. Ni an auna ni da kaya ranar, na sunkuya, kuma wadda ta gani ita ta rufa min asiri.