Rasuwar Baturiya, Mai Tsince Ruwa Daga Cikin Gaisuwa

Da zuciya mai cike da baƙin ciki har tana tumbatsa, Malam Abdulaziz na buro, wato ofishin noma, a Gazawa yana sanar da manoman Gangara da kewaye rasuwar kwamfutarsa, Baturiya, a farkon daminar nan da soja ke shirin mayar da mulki ga farar hula.

Marigayiyar mai haƙuri ce. Masu duba ma'aunin ruwan sama a ƙauyuka ta salula suke aiko rahoto, kuma babu mai faɗin ruwa bai gaida gida da gajiya ba, wani har awaki. Malam ya rubuta mata ƙa'ida layi ɗaya, rubutu kamar sawun kaza: ta tsallake haruffa, ta cafke lamba, in da waƙafi a tsakiya ta haɗa da shi. Sai ta yi "ƙirrr, ƙit," ta fito da milimitan kowane gari a kai rediyo, manomi ya san ko ya fito da iri ko ya dakata.

Sau ɗaya ta yi tuntuɓe. Tsoho Dodo mai duba ma'aunin Gangara ya rubuto: "Malam ina gajiya, an yi mani jika na 30, ruwa kau ko ɗigo." Baturiya ta ba Gangara milimita talatin. Saura ƙiris a zuba irin gero a busasshiyar ƙasa, sai da Malam ya hau babur ya tare mutane a bakin gona. Tun ranar ba ta karɓar lamba sai da "mm" a bayanta.

Ta jima tana tarin fanka, amma ba shi ne ajalinta ba. Jiya kwanon buro ya yi yoyo daidai kanta. Ruwan da ta ƙare rayuwarta tana tsintarsa a saƙo, ranar da suka haɗu ido da ido ya tafi da ita. Malam ya yi kuka, bai ɓoye ba.

Ta bar linzamin da ake latsa ta da shi, da caja mai ɗaurin roba, da Malam, wanda yanzu shi zai karanta gaisuwar kowa har ƙarshe.

Za a ɗauke ta gobe da hantsi a amalanken jaki zuwa rumfar Sanda mai gyara. Kada a aiko ta'aziyya ta salula, babu mai tsincewa. Babu zaman makoki kuma: ruwan da ya kashe ta ya isa shuka, kowa ya ɗauki irinsa ya nufi gona.