Marigayi Mai Lanƙwasasshen Kunne

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da ɗan haushi a ƙasanta, mai kati yana sanar da 'yan teburin bayan shagon aski rasuwar katinsa, Rijiyar Dodo. Ya cika jiya da yamma, a kife, kamar yadda ya rayu.

Ga wanda bai san wasan ba, marigayi ba mayaƙi ba ne. Mayaƙa su ne masu lamba biyu a jiki, ta sara da ta kariya, ana ajiye su fuska a sama suna hura hanci. Ba katin tsafi ba ne, irin wanda ake jefawa sau ɗaya ya yi ɓarna ya wuce. Ba ya kuma cikin katunan ƙasa, masu ciyar da kowa ƙarfi ba a ko gode musu. Marigayi tarko ne. Kife shi ake yi a gefe, ya yi lamo. Sai abokin karawa ya turo babban mayaƙinsa, a juya marigayi, rijiya ta buɗe baki, mayaƙi ya tafi. Ransa duka a ɓoye yake. Ranar da aka gane tarko ta baya, ya zama kwali.

Ya kasance mai haƙuri, marar surutu. Mai shi ma haka yake, shi ya sa jininsu ya haɗu. Kalma ɗaya aka san shi da ita a duniya: tas! a kan tebur.

Sun haɗu ne bayan an gama sakandare, abokan aji sun watse manyan makarantu, mai shi ya zauna gida yana kallon silin. Mai aski ne ya janyo shi teburin baya, tsakanin kwandon gashi da tsohuwar fanka. A nan marigayi ya haɗiye Macijin Ƙarfe na mai aski. Ya haɗiye Giwar Wuta ta mai gyaran waya har aka gaji. Abokin wasansu Dogo kuwa duk abin da ya turo sai ya faɗa, ya dafe kai yana ihu. Aka riƙa cewa fuskar mai shi ba ta karantuwa. Shi ma ya yarda. Abin da ya rage masa ke nan na tinƙaho.

Ciwon ajali daga kunne ya fara. Mai shi yana da ɗabi'ar murza kusurwar katin da babban yatsa in yana jiran a faɗa. Kusurwa ta yi laushi, ta lanƙwashe. Bai lura ba.

Jiya kawunsa direba ya zo aski, ya ga wasa, ya ce a koya masa. Mai aski ya ja shi gefe ya yi masa bayani, ya ara masa kati, aka zaunar da shi gaban ɗan ƙanwarsa. Mai shi ya kife marigayi. Kawu ya ɗaga mayaƙi, ya tsaya, ya waiga.

"Mai aski, wannan ne mai lanƙwasasshen kunnen da ka ce in yi kamar ban gani ba?"

Injin aski ya yi shiru. Wanda ake yi wa askin ma, da rabin kai, sai da ya juyo.

"Kawu, Allah ya shirye ka," in ji mai aski.

"To ni na san sirri ne? In faɗa yanzu, ko sai an jima?"

Dogo ya sosa ƙeya ya ce, "Ka yi haƙuri, mutumina. Mun daɗe da gane shi. Har layi muke yi mu faɗa da gangan, yau ni, gobe mai waya."

Mai gyaran waya bai ko ɗago ba. "Lokacin kaɗai muke ganin haƙoranka."

A nan rai ya yi halinsa. Marigayi bai ce tas ba. Mai shi ya tattara katunansa ya fita, ya ce shi da teburin nan har abada. Ya koma gida ya kalli silin. Silin bai canza ba. Bai kuma taɓa yin layi don kowa ba.

Marigayi ya rasu ya bar mayaƙa da yawa, waɗanda ba su taɓa cin yaƙi ba sai da shi. Katunan tsafi kaɗan. Katunan ƙasa, da har yau ba wanda ya yi musu gaisuwa. Sai mai shi, da wasu maƙaryata uku da suka yi jinyarsa ba tare da an roƙe su ba.

Ba a buƙatar ban haƙuri. Dogo kada ya yi kuka, an ga yadda ya iya na ƙarya.

Za a yi jana'iza gobe bayan an share gashi, a teburin baya. Kowa ya zo da katunansa. Kawu zai zauna kusa da mai shi, shi kaɗai aka yarda da shi. Za a binne marigayi a tsakiyar 'yan'uwansa, a cakuɗa, a raba. Don girmama shi, mai shi ya bi sauran katunan ɗaya bayan ɗaya ya lanƙwasa musu kunne, har na ƙasa.

Wanda ya ce ya san kabarin, ya turo mayaƙinsa.