Ni da Yarona Balarabe

Ba zan taɓa mantawa da wata Juma'a a Sabha ba, ranar da na yi fatan ƙasa ta tsage in shige, amma ta ƙi. A shekarun nan ne da talabijin ɗin Libiya ba ta da magana sai ta haɗa Afirka ta zama ƙasa ɗaya, mu kuma baƙi muna yawo da takardunmu a aljihun gaba saboda 'yan sanda. Ina aiki a wani shagon intanet a unguwar Mahdiya. Mai shagon wani dattijon Balarabe ne, tsohon malamin makaranta, kowa Hajji yake ce masa. Kawu Sani, aminin mahaifina mai sayar da yadi a kasuwar Jadid, shi ya kai ni wurinsa ya tsaya mini, kuma da sunan Hajji aka yi mini iƙama, wato takardar zama. In ya kore ni, ita ma ta tafi.

Duk ilimina na kwamfuta ɗan kwas ne da na yi a Kano (rabinsa ma ba wuta), amma a Sabha na yarda ana kirana Injiniya. Tun ranar farko Hajji ya so ya nuna mini yadda ake ɗaukar hoton abin da ke kan allo. Ya ɗora yatsa a kan maɓallin Print Screen, ya buɗe baki zai ƙara bayani, na tari numfashinsa.

"Na sani, ya Hajj."

Ya kalle ni ta saman tabarau, ya ce, "Bahi," wato shi ke nan, ya tafi abinsa.

To, Hajji yana da wata ɗabi'a: shi yake share ƙofar shagonsa da kansa kullum, ba ya bari a taya shi. Wata safiya shaiɗan ya zuga ni, na zauna a kujerarsa mai juyawa, na ɗora ƙafa a kan tebur, na saita kyamara ta ɗauke ni. Hoton ya fito tsaf: ni a gaba ina washe baki, Hajji a baya ya sunkuya da tsintsiya. Na rubuta a ƙasa da manyan jajayen baƙaƙe, "NI DA YARONA BALARABE." Niyyata in aika wa abokaina na Fagge su ga yadda Allah ya ɗaukaka ni.

Hoton yana buɗe a gefen allo, ina gyara shi, sai ga Malam Idi ya shigo yana haki. Mutumin Damagaram ne, yana aikin gonar dabino a Ghuddwa, can nesa da gari. Ya bar matarsa da ciki, ta haihu, bai taɓa ganin ɗan ba. Ranar ne ƙaninsa ya ɗauko ta daga ƙauye zuwa wani shago mai kyamara a birnin Damagaram, don uba ya ga ɗansa.

"Injiniya, don Allah yi maza, suna can suna jira gaban ordinatar!"

Kwamfuta yake nufi. Na haɗa su. Layin yana yankewa yana dawowa, can sai ga fuskar jinjiri cikin farin zane, yana hamma. Malam Idi, ƙato mai hannuwa kamar itace, ya fashe da kuka. Ya ce ko akwai dabarar da za a fitar masa da yaron a takarda? Na ce wannan ai ƙaramin aiki ne. Na danna Print Screen, na liƙa a manhajar zane, na tura wa injin bugawa ban ko duba ba, don hankalina yana kan yadda mutanen shago ke kallona da sha'awa. Takardar tana fitowa ya fizge ta ya manna a ƙirji. Ya yi ta sa mini albarka, ya ce ranar Juma'a zai yanka rago a gidan 'yan Damagaram da ke Jadid, ni da patiron, wato maigidana Hajji, duk mu zo. Ya fita da gudu kada motar Ghuddwa ta bar shi.

Sai bayan la'asar, da na zo liƙa wani rubutu, kwamfuta ta dawo mini da abin da na ɗauka da safe (ashe yana nan a ajiye har sai ka kwafi wani abu). Na kalli allon. Ga jinjiri a hagu yana hamma. Ga ni a dama da ƙafa a kan tebur, ga Hajji da tsintsiya, ga jajayen baƙaƙe. Maɓallin nan duk abin da ke kan allo yake kwashewa, babu ruwansa da wanda kake so da wanda kake ɓoyewa.

Malam Idi ba shi da waya, gonar da yake aiki kuma ban san ta ba. Kwanakin da suka rage kafin Juma'a ban san ɗanɗanon abinci ba. Duk sanda Hajji ya kira ni sai in ɗauka asirina ya tonu. Motar 'yan sanda in ta wuce ta ƙofar shago, sai in taɓa aljihuna in ji ko iƙama tana nan. Dabarar da na yi ita ce, na yanke ɓangaren jinjirin shi kaɗai, na buga shi babba a takarda mai sheƙi, na ce zan riga kowa zuwa in yi musanya a asirce.

Ranar Juma'a Hajji ya ce in jira shi mu tafi tare a motarsa. Ya tsaya sayen lemo, ya tsaya gaisawa da wani maƙwabci, ni kuwa ina zaune ina zufa. Da muka isa tsakar gidan ta cika. An shimfiɗa tabarmi, ana dafa shayi, Kawu Sani yana zaune a kan darduma a matsayin babban baƙo. Hoton kuwa har an saka shi a firam mai gilashi, yana yawo daga hannu zuwa hannu.

Na ja Malam Idi gefe, na miƙa masa sabon.

"Malam, ga wanda ya fi kyau. Ba ni wancan in gyara."

Ya karɓa da murna, ya ce, "Madalla, sun zama biyu ke nan. Amma wancan ba ya barin hannuna, da shi na fara ganin ɗana."

"To a yanke gefen kawai, akwai almakashi?"

Fuskarsa ta canza. "Almakashi kusa da fuskar jinjiri? A'a, Injiniya. Kuma me ya sa za a cire ka? Na ji daɗi da ka sa fotonka da na patiron, ku ne kuka yi mini alheri."

Bawan Allah, ajami yake karantawa, bai san abin da jajayen baƙaƙen suka ce ba. Amma a tsakar gidan akwai 'yan boko. Na ga wani tela ɗan Maraɗi ya karɓi firam ɗin, ya ce "Tubarkalla," sannan idonsa ya gangara dama. Ya ɗago ya kalle ni, ya cije leɓe, ya miƙa wa na kusa da shi. Haka na tsaya ina bin hoton da ido, kowa ya karɓa sai ya yi tubarkalla sannan ya kama tari. Da ya rage saura mutum kaɗan ya kai ga Kawu, na yi addu'ar duk da na iya, har da ta shiga kasuwa.

Kawu ya karɓa. Ya daɗe yana kallo. Bai yi dariya ba, bai kuma kalle ni ba, wannan ya fi komai yi mini ciwo. Hajji da ke gefensa ya leƙa, ya ga kansa da tsintsiya, ya gyara tabarau.

"Wannan ai ni ne. Me aka rubuta a nan, ya Sani?"

Mai shayi ya daina fifita gawayi. Na san Kawu yana iya rufa mini asiri, ya ce addu'a ce ko gaisuwa. Sai ya ɗago a hankali ya ce da ni, "Zo nan. Kai ka rubuta, kai za ka fassara masa da bakinka."

Na durƙusa a gabansu. Da gurgun Larabcina na faɗa wa mutumin da takardar zamana take hannunsa cewa na rubuta shi yaron shagona ne. Wani daga baya ya kasa riƙewa, ya tuntsire, sauran suka bi. Malam Idi ya riƙe baki yana salati.

Hajji ya sake duban hoton, ya ce, "Bayana ya lanƙwashe haka? Ban sani ba." Ya miƙa wa Malam Idi firam ɗinsa, ya yi wa jinjiri addu'a, ya ci namansa. Da aka watse ya ce in shiga mota mu koma. Kawu kuwa da zan tafi ya ce da ni a hankali, "Ni na ce masa kai ɗan mutunci ne." Da ya mare ni da ya fi mini sauƙi.

Washegari na zo shago da shirin karɓar sallama. Na tarar da Hajji a gaban kwamfuta. Ya kama yatsana ya ɗora a kan wani ƙaramin maɓalli mai suna Alt, ya ce in riƙe, sannan in danna Print Screen. Muka liƙa. Tagar da muke aiki a cikinta kaɗai ta fito, ba komai a gefe.

"Abin da na so nuna maka ke nan ranar farko, ya mudir," in ji shi. Mudir, wato manaja. Sai ya miƙo mini tsintsiya, ya koma kujerarsa mai juyawa, ya ɗora ƙafa a kan tebur, ya ce in saita kyamara.

Wannan hoton shi ya zama fuskar kowace kwamfuta a shagon har na bar Sabha, kuma daga Mahdiya zuwa Jadid babu wanda ya sake ce mini Injiniya, sai Mai Yaro. Iƙamata dai ta tsira. Yanzu ko jikana ne ya ce, "Bari in nuna maka wani abu," sai in ja kujera in zauna, in rufe bakina har ya gama.