Rasuwar Kejin Malam Barmo

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, amma ba mai karaya ba, Malam Barmo Souley, ɗan Birnin Konni mai sayar da huluna a unguwar Tremont da ke Bronx, yana sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar babban kejinsa na tsuntsaye. Marigayin ya cika ranar Talata da hantsi, a ɗan filin da ke bayan ginin da Barmo yake haya, yana da shekara shida a duniya.

Barmo ne ya gina shi da hannunsa, da katakon da wasu suka yar a bakin titi da wayar raga sabuwa fil. Tsawonsa taku tara, tsayinsa ya ɗara mutum, a tsakiyarsa akwai wata 'yar bishiya mai duhuwa. A cikinsa ya zuba tsuntsayen nan 'yan ƙasar Turai masu rawayen kai, waɗanda ake kira yalohama. Duk wanda ya kira su kanari, Barmo yakan daina amsa masa gaisuwa har kwana uku.

Marigayin mai riƙon amana ne. Kyanwowin Bronx sun yi masa zarya shekara shida, ba wadda ta taɓa komawa da ko gashi ɗaya. Beraye sun haƙa ta ƙasa, suka tarar da siminti. Bai taɓa ɗaga murya ba, in ban da ƙyaurensa da yake cewa "ƙiiii" kowace safiya in an zo zuba gero, da kwanon rufinsa da yake "kwal, kwal, kwal" in ana yayyafi. A cikinsa ne, shekara biyu da suka wuce, aka yi ƙwai huɗu masu zane kamar an yi musu rubutu da tawada, aka ƙyanƙyashe uku. Ranar Barmo bai buɗe teburinsa ba, ya wuni a tsugune yana leƙe.

Game da ciwon ajali, gara a faɗi gaskiya tun da magulmata sun riga sun baza ta. Barmo ya yi wa kejin rufi shimfiɗaɗɗe, irin na ɗakunan Konni, har da ɗan indararo a gefe. Mashud kafinta, mutumin Kumasi, ya gaya masa tun ranar farko cewa a garin nan rufi sai da gangare. Barmo ya ce kakansa ya yi rufi haka, kuma har yau ɗakin yana tsaye. Abin da bai lissafa ba shi ne kakan nasa bai taɓa ganin dusar ƙanƙara ba. Hunturu biyar yana share ta da tsintsiya, marigayin yana daurewa. Ta bana ta zo a tsakiyar Maris, jiƙaƙƙiya mai nauyi, Barmo kuwa ya tafi unguwar Harlem sarin kaya. Rufin ya lotsa, ya yi nishi, ya ce "ƙaraf", ya durƙusa. Ko a wannan hali sai da ya jingina da 'yar bishiyar, ya tokare, don kada ya danne waɗanda aka ba shi amana.

Ya rasu ya bar tsuntsaye bakwai, cikinsu har da Ta-Kurya, uwar 'ya'ya, da mijinta Ɗan Gayu, wanda bai sake waƙa ba tun ranar. Ya bar kwanon sha biyu, da rabin buhun gero, da gwangwanin tsutsa a firjin Zuweira, matar Barmo. A yanzu marayun suna zaune cikin kwali a ɗakin wanka, kuma kowa ya san yalohama ba ta yin sheƙa a kwali.

Barmo yana godiya ga waɗanda suka zo ta'aziyya, har da waɗanda suka zo suna danne dariya. Ya ga Mashud yana auna gangaren da babu da tafin hannu. Ya ji Zuweira tana gaya wa ƙanwarta a waya cewa firji ya kusa samun 'yanci. Ya kuma lura da Anti Afua, mai ginin, wadda ta taka gawar da takalminta, ta ce tun da Allah ya raba, ba za a sake kafa keji a filinta ba, tumatir da barkono za ta shuka. Wannan magana ta yi masa ciwo ƙwarai, don in filin ya tafi, tsuntsayen ma sun tafi. Abu ɗaya ya roƙa: a bar wurin har a yi sadakar arba'in, kamar yadda ake yi wa kowane mamaci mai mutunci. Ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce ta yarda, a gaban shaidu uku.

Saboda haka, za a yi jana'iza ranar Asabar bayan azahar. Mashud zai cire ƙusoshi, a ɗauki gawar a kafaɗa zuwa bakin titi, inda motar shara za ta raka ta makwancinta ranar Litinin. Daga nan za a kafa rumfar makoki a daidai inda ya faɗi. Saboda raunin marayun, rumfar za ta kasance da raga ta kowane gefe, da ƙyaure mai sakata, da rufi mai gangare. A ciki za su zauna su karɓi gaisuwa. Mai zuwa ya zo da guduma, akwai shayi da ƙosai.

Kwana arba'in zai cika a ƙarshen Afrilu, lokacin da Ta-Kurya take hawa ƙwai. Ranar Barmo zai buɗe wa Anti Afua ƙyaure, ya miƙa mata fartanya, ya koma gefe ya naɗe hannu. In tana da zuciyar tayar da uwa daga kan ƙwanta don ta shuka barkono, bismillah.