Ɗakin Baba da Daddawata

Guɗa na jiyo daga zaure, hannuna dumu-dumu cikin kalwa. Har in mutu ba na manta wannan hantsin.

Wai Baba ya dawo daga Makka. Baba surukina ke nan, mahaifin maigidana, nan Faskari, ana saura shekara kaɗan Turawa su tafi.

Ni kuwa na san Makka sarai (haka nike gani). Kakana daga Yankara ya taka da ƙafarshi, shekara bakwai sannan ya dawo, jaki biyu sun mutu hannunshi. Da aka ce Baba jirgin sama zai hau daga Kano, na ce a raina to, in ya yi sauri ƙwarai ya yi shekara uku.

Shi ya sa na maida ɗakinshi wurin rufe daddawa. Ɗaki ga ɗumi, ƙofa na rufuwa gam. Kwando shida na jera, na lulluɓe su da bargonshi. Inna, uwar maigidana, ta tafi Kankara jinyar ƙanwarta, ba mai hana ni.

Ko wata biyu bai cika ba, ga mutum.

Na fito na gan shi ya rame, tausayi ya kama ni. Na durƙusa gaban jama'a na ce, "Baba, sannu da ƙoƙari. Allah ya sa baɗi a kai. A ina kuka juyo?"

Liman ya ƙware da ruwan zamzam.

Baba ya ce, "Ɗiyata, mi kika ce?"

Maimakon in yi shiru, na ƙara. "Ai ba abin kunya ba ne. Kakana ma wata biyu bai wuce Barno ba."

Inna, wadda dawowarta ke nan tare da 'yan tarbarshi, ta harare ni. Na ce shi ke nan, yau gidanmu Yankara zan kwana da kayana.

Baba ya yi dariya har rawaninshi ya kwance. "Yau muka tashi Kano, gobe war haka muna Jidda. Wallahi motar da ta kai mu Kano ta fi ba ni wuya." Ya miƙe. "Ku zo ɗaki a zauna, rana ta yi."

Na so ƙasa ta tsage. Ya tura ƙofa, daddawa kwana uku cif da rufi. Liman ya yi baya da sauri, ya toshe hanci da hannun riga.

Inna ta buɗe baki, Baba ya ɗaga mata hannu. Ya ɗage bargon, ya shinshina sosai.

"Kwana arba'in ina mafarkin miyar kuka. Ta nuna?"

Na ce ta nuna.

"To ki ɗora tukunya. Bargon kuma na bar maki."

Tun ranar, in an ce wuri da nisa, sai na tambaya mi za a hau.