Ranar da Kuluwa Ta Manta Gaisuwa

A wani daji mai fadama a tsakiyarsa, akwai majalisar dabbobi da ke zama duk Laraba a gindin wata tsohuwar kuka. Majalisa ce mai ƙa'ida. Duk wanda zai yi magana sai ya hau wani faffaɗan dutse ya gaishe da manya ɗaya bayan ɗaya, kowa da kirarinsa, tun daga Shugaba Ɓauna har zuwa Gwaggon Biri mai ajiyar garwashi. Manyan su talatin da uku ne. Zalɓe ne mai auna lokaci: zai tsaya da ƙafa ɗaya, da ya gaji ya sauya ƙafa, mai magana ya sauko. Ba a taɓa samun wanda ya gama gaisuwa har ya shiga abin da ya kawo shi ba. Hakan bai dami kowa ba, don a bayan kukar manya ke yanke hukunci tun kafin a zauna.

A wannan shekara aka yi shela cewa za a ƙone ciyawar fadama ranar Juma'a, bayan zaman Laraba ya sa albarka. Dabbobi masu kiwo suna son sabon toho. Shirwa kuma, wadda ta fi kowa ɗaga murya a kan lamarin, ta ce ita kishin daji ne kawai ya dame ta, ba ruwanta da ɓerayen da wuta kan koro fili.

Kuluwa bushiya ce, haihuwarta ta fari ke nan. 'Ya'ya huɗu ta ajiye a gindin gamba, gabas da rafi, idonsu bai buɗe ba, ƙayar jikinsu ma ba ta yi tauri ba. Ta duba hanyar kwashe su ta ga babu, sai dai ta ɗauko su a baki ɗaya-ɗaya ta ratsa fili, Shirwa na shawagi a sama. Kwana ashirin take bukata su iya tafiya da ƙafarsu.

Ta ce wa maigidanta Tanimu, “Baban yara, gobe Laraba. Sai ka je ka hau dutsen nan ka roƙar mana.”

Tanimu na jin kalmar dutse ya dunƙule. Ta jira. Ta taɓa shi da hanci. Daga can ciki ya ce kansa ke ciwo.

Ba ta ga laifinsa sosai ba, don ita ma haka take. Ido uku in suka taru a kanta, sai jikinta ya naɗe kansa ba tare da ya nemi shawararta ba. A sunan 'yar ƙanwarta an ce ta yi wa baƙi sannu da zuwa, sai mirgino ta gida aka yi.

Ta shayar da yaran ta rufe su da ganye, ta tafi wurin Malam Aku, wanda ke koyar da hawa dutse. Ya dube ta sama da ƙasa.

“Magana ado ce, yarinya. Ki buɗe ƙirji, ki ja kirarin Shugaba har sai ya lumshe ido. Maimaita: Mai ƙaho kamar reshen gawo, wanda in ya yi atishawa rafi ke sauya hanya!”

“Malam, a ina zan sa maganar 'ya'yana?”

“Wace magana? Ki dai gama gaisuwa lafiya. Ɗalibina mafi hazaƙa ya kai na ashirin da tara, har yau ana zancensa.”

Ta dawo da kirari talatin da uku suna karo da juna a kanta. Maƙwabciyarta Inna Yalwa, tsohuwar gafiya da ta raini 'ya'ya ba adadi, ta same ta a gaban suri tana gwadawa, gara na ta aikinsu ko kallonta ba sa yi.

“Ke 'yar nan, waƙa kike koyo?”

“Inna, tsoro nake ji. Da na hau zan dunƙule, su yi dariya, Juma'a ta zo.”

“To ki dunƙule mana, wa ya hana? In kin gama ki buɗe. Gaya mini, me kike so su yi?”

“Su jira kwana ashirin.”

“Don me?”

“Don 'ya'yana ba sa iya gudu.”

“Kin ga yanzu muryarki ba ta yi rawa ba. Wannan shi ne abin da kika sani, sauran na Aku ne. Ki ci abinci kafin ki tafi, yunwa na ƙara rawar jiki. In kin hau, ki ja numfashi har ƙasan ciki, ki nemi fuska guda ki yi mata magana. Ni zan zauna miki da yaran.”

Laraba da hantsi Kuluwa ta isa gindin kuka, ta sami wuri dab da dutsen, inda ƙanana kan rakuɓe. Raƙumin Dawa ne ya fara hawa, gwanin magana da babu kamarsa. Muryarsa na saukowa daga sama, sanyi-sanyi, kirari na bin kirari. Manya duk sama suke kallo. Kuluwa kuwa ba ta iya hango fuskarsa, gwiwoyinsa kawai take gani, kuma gwiwoyin nan haɗuwa suke suna rabuwa, ƙwas-ƙwas, kamar busassun kara a iska. Ta waiga. Jimina, wadda za ta hau dutsen in ya sauko, ta runtse ido tana motsa baki, tana bitar nata. Gada ma haka. Barewa ma haka. Duk majalisar babu mai sauraron Raƙumin Dawa, kowa fama yake da tsoron hawansa.

Abin ya ba ta mamaki har ta kusa yin dariya. Ashe wuyansa ne kawai ya fi nata tsawo.

Aka kira sunanta. Ta hau dutsen da ƙyar, sau biyu tana zamewa. Zalɓe ya ɗaga ƙafa. Ta ɗago kai ta ga idanu, manya da ƙanana, ga na Shirwa a reshe kamar garwashi. Kafin ta ankara ta zama dunƙule.

Dariya ta tashi. Kura har da faɗuwa. Gwaggon Biri ya ce, “Wa ya ajiye goriba a kan dutsen majalisa?”

A cikin duhun jikinta, hancinta na manne da cikinta, Kuluwa ta ji ƙanshin nono da ɗumin bakin 'ya'yanta, waɗanda ta cire daga mama da safen nan suna ƙorafi. Ta ja numfashi har ƙasa kamar yadda Inna Yalwa ta ce. Ta sake ja. Ta fito da hanci, sannan ido. Ta nemi kirarin Shugaba ta rasa, ta nemi na biyu babu, duk talatin da ukun sun zube. Can gefe ta hango Fakara, wadda ita ma ƙwanta ke cikin ciyawar, ta kafa mata ido, ta ce:

“Ina da 'ya'ya huɗu a gindin gamba, gabas da rafi. Idonsu bai buɗe ba. In kuka sa wuta jibi, za su ƙone. Ku ba ni kwana ashirin su koyi tafiya, sannan ku ƙone abinku, ni ma zan taya ku jan kara. Ba ni kaɗai ba ce, akwai ƙwan Fakara, akwai 'ya'yan Zomo. Shi ke nan.”

Muryar ta yi rawa daga farko har ƙarshe, amma kowace kalma ta fita. Zalɓe, wanda ko gajiya bai fara ba, ya ce, “Baiwar Allah, da sauran lokaci fa.”

“Ni ba ni da sauran magana,” in ji Kuluwa.

Sai majalisa ta rikice. Tun da aka kafa ta, yau ne aka fara kawo mata magana, ba ta kuma san inda ake ajiye irinta ba. Malam Aku ya rantse bai taɓa ganin wannan yarinya ba. Shirwa ta ce a yi watsi da rashin kunya a ci gaba da shirin Juma'a. Dila, masanin ƙa'idar majalisa, ya miƙe ya gyara murya.

“Ranka ya daɗe, ƙa'ida a fili take. Maganar da ba gaisuwa a gabanta, majalisa ba ta ji ta ba.”

Ɓauna ya sosa ƙaho a jikin kuka. “Amma fa ni na ji, Dila. Huɗu ta ce, ko?”

“Kunnenka ne ya ji, ranka ya daɗe, kujerarka ba ta ji ba. Sai dai ga inda matsalar take. In muka ɗaga ƙuna, za a ce mun amsa roƙonta, ke nan mun ji. In muka sa wuta Juma'a, za a ce mun ƙi roƙonta, ke nan ma mun ji, don ba a ƙin abin da ba a ji ba. Shawarata, kada a taɓa ko tsinke ɗaya a fadama, kada kuma a ce an fasa, har sai kwamiti ya bincika ko an ji ko ba a ji ba.”

Manya suka yi ajiyar zuciya, don an dawo inda suka saba. Aka nemi wanda zai shugabanci kwamitin, wanda babu shakkar adalcinsa, aka tarar Kunkuru ne kaɗai kansa ke cikin ƙoƙon bayansa, yana barci, lokacin da abin ya faru. Aka tashe shi aka naɗa shi. Aka sa zaman farko a ƙetaren rafi.

Kuluwa ba ta tsaya rufe taro ba, nono ya cika mata. A bakin rami Inna Yalwa ta tare ta.

“Yaya, tsoron ya tafi?”

“Ina fa, Inna. Dubi ƙafata, har yanzu rawa take. Tare muka hau, tare muka sauko.” Ta kutsa ciki, bakuna huɗu suka kama. Tanimu ya buɗe ya tambaya ko an ambaci sunansa.

Kwana ashirin da biyu bayan haka ta fito da yaran a jere, ƙayarsu ta yi tauri, suka nufi tudu. Fakara ta wuce su da 'yan tsakinta, ta rusuna mata. A gangaren rafi suka iske Kunkuru, ya tsaya hutawa a hanyarsa ta zuwa zaman farko. Kuluwa ta sa yaran suka gaishe shi da kyau.

Majalisar tana nan tana zama duk Laraba, kuma cikin abubuwan da take alfahari da su har yau akwai cewa ba ta taɓa sauraron bushiya ba.